Kogin Ƙanƙara Mai Ja da Baya

Darasin labarin ƙasa

1. Mu lura

Yara, kun san ƙanƙara iri 2. Akwai wadda takan faɗo daga sama da damina, in hadari ya yi ƙarfi. Takan zo kamar tsakuwa, ta yi ta ƙara bisa kwanon rufi, wani lokaci har ta yayyaga ganyen hatsi. Kafin ku tsince ta ku kai wa inna, ta zama ruwa a tafin hannunku. Akwai kuma wadda ake yi cikin firigo ana sayarwa a kasuwa, musamman da azumi. Mai sayar da ita yakan naɗe ta cikin buhu, ya ajiye ta a inuwa. Don me yake yin haka?

Dukansu ruwa ne da sanyi ya daskarar. Ruwa yana daskarewa in ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 0. In ya haura digiri 0, sai ƙanƙara ta soma narkewa.

Yau za mu yi karatu a kan ƙanƙara iri na 3. Wannan ba a ɗaukar ta a hannu, ba ta shiga buhu. Tsawonta ya kusa kilometir 8, watau tafiyar sa'a 2 a ƙasa. Ta yi dubban shekaru a wurinta. Amma ga shi yanzu tana ƙarewa a kan idon mutane. Za mu ga yadda aka yi aka san haka.

2. Ina take?

Ku duba taswirar duniya. Ku sa yatsa bisa ƙasarmu Nijar, ku bi arewa. Ku ƙetare Sahara, ku ƙetare Aljeriya, ku ƙetare tekun Bahar Rum. To, kun shiga Turai. Nan za ku ga wani jerin tsaunuka da ya lanƙwasa kamar lauje, daga Faransa, ya bi ta Italiya da Suwis, har Ostiriya. Sunan waɗannan tsaunuka Alp. Wanda ya fi tsawo a cikinsu shi ne Mont Blanc, ya ɗara metir 4800. Dutsen da ya fi tsawo a ƙasarmu yana cikin duwatsun Bagazam, a Abzin. Tsawonsa ya ɗan haura metir 2000. Ke nan Mont Blanc ya ninka shi fiye da sau 2.

Duk wanda ya taɓa hawan babban dutse ya san iskar bisa ta fi ta ƙasa sanyi. In mutum ya hau metir 1000, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Saboda haka a ƙwanƙolin tsaunukan Alp, abin da ke sauka daga gajimare yawanci ba ruwa ba ne, dusar ƙanƙara ce. Dusar ƙanƙara ba ta da tauri irin na ƙanƙarar damina. Fara ce fat, mai laushi, tana saukowa sannu a hankali kamar audugar rimi da iska ta kwaso.

A Turai dusar ƙanƙara ta fi zuba lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Afirilu. Wadda ta zuba a gindin tsauni takan narke da zarar zafi ya shigo. Wadda ta zuba can bisa, daga wajen metir 3000 zuwa sama, ba ta narkewa duka. Saura yakan kwana har wata shekara.

3. Yadda dusa take zama kogi

Kun taɓa ganin ana danna auduga cikin buhu? A zuba, a taka, a ƙara zubawa, a ƙara takawa, har buhu ya yi tauri kamar dutse. Haka abin yake a bisa tsauni. Dusar bana ta hau kan ta bara, ta baɗi ta hau kan ta bana. Nauyin ta sama ya danne ta ƙasa, ya matse iskar da ke cikinta. Bayan shekaru sai ta zama ƙanƙara mai tauri, mai ɗan shuɗi-shuɗi. Sai an tara dusa mai zurfin metir 9 ko 10 kafin a sami ƙanƙara mai kaurin metir 1.

In ƙanƙarar ta yi kauri ƙwarai, nauyinta ba ya barin ta zauna wuri ɗaya. Sai ta soma gangarowa. Ku zuba zuma mai kauri bisa faranti, ku karkata shi kaɗan. Zumar za ta malalo, amma da ƙyar. Haka ƙanƙarar take malalowa, ta bi kwarin da ke tsakanin tsaunuka, ta cika shi daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ya sa muka sa mata suna kogin ƙanƙara. Da Faransanci ana rubuta sunanta glacier.

Kogin ƙanƙara yana da kai, yana da harshe. Kai shi ne sashen bisa, inda dusa take taruwa. Harshe shi ne sashen ƙasa, mai tsawo, wanda ya zuro cikin kwari inda iska ta fi ɗumi. A harshe ne ƙanƙara take narkewa. Daga ƙarƙashinsa rafi yake fitowa. Ruwan rafin fari-fari ne kamar an dama gari a ciki, domin ƙanƙara tana niƙa duwatsun da take bi ta kansu.

A ƙasar Suwis kaɗai akwai kogunan ƙanƙara wajen 1400, manya da ƙanana. Mu za mu ɗauki guda ɗaya, wanda ke cikin jihar Valais. Kansa yana bisa metir 3600. Harshensa ya tsaya a wajen metir 2200, watau har yanzu yana sama da ƙwanƙolin Bagazam. Rafin da ke fita daga harshen nan shi ne mafarin wani babban kogin ruwa mai suna Ron. Don kada mu ruɗe, za mu riƙa cewa ƙanƙarar Ron in muna nufin ta bisa tsauni, mu ce kogin Ron in muna nufin ruwan da ke gudu. Kogin Ron yana tafiyar kilometir 812. Yana ratsa tabkin Janeba, ya shiga Faransa, ya bi ta birnin Liyon, ya faɗa cikin Bahar Rum.

4. Duwatsu masu fenti

In ka tsaya gaban kogin ƙanƙara tun safe har yamma, ba za ka ga ya motsa ba. To, yaya aka tabbatar yana tafiya?

A shekara ta 1874 wani injiniya mai suna Philipp Gosset ya hau ƙanƙarar Ron da ma'aikatansa. Suka tara duwatsu, suka shafa masu fenti. Suka jera su bisa ƙanƙarar, layi miƙaƙƙe sak, daga wannan gefen kwari zuwa wancan. Suka yi layi 4 a wurare dabam-dabam: ja, rawaya, kore da baƙi. Suka sa alama a jikin tsaunin da ba ya motsi, daidai inda kowane layi ya fara da inda ya ƙare. Sa'an nan suka koma gida.

Da shekara ta zagayo suka dawo. Sai suka tarar duwatsun sun bar wurin alama, sun yi ƙasa. Ba wanda ya taɓa su, ƙanƙara ce ta goya su ta gangara da su. Suka lura da wani abu kuma: layukan sun daina zama miƙaƙƙu, sun lanƙwasa kamar baka. Duwatsun tsakiya sun yi nisa, na gefe sun yi kaɗan. Dalili kuwa shi ne, a gefe ƙanƙara tana gogar jikin tsauni, tsauni yana riƙe ta. Ku jefa kara a tsakiyar gulbi da damina, ku jefa wani a kusa da gaɓa, za ku ga na tsakiya ya tsere wa na gaɓa.

Aka ci gaba da wannan awo kowace shekara har 1915. Shekara 41 ke nan ana hawa, ana aunawa, ana rubutawa. Yau mun san manyan kogunan ƙanƙara na Alp suna tafiyar metir 30, ko 100, wani har kusan 200 a shekara. Hawainiya ma ta fi su sauri nesa ba kusa ba.

5. Yana gangarowa, amma yana ja da baya

Ga wurin da ya kamata ku buɗe kunne. Mun ce kogin ƙanƙara kullum yana gangarowa. Amma kan darasinmu ya ce yana ja da baya. Yaya abu zai yi gaba kuma ya yi baya?

Ku tuna da murhu. Inna ta sa dogon itace, wuta tana cin bakinsa. Jim kaɗan ta iza shi ciki. Itacen kullum gaba yake yi, bai taɓa komawa baya ba. In inna tana iza shi daidai yadda wuta take ci, bakin itacen yana nan ƙarƙashin tukunya. In ta iza shi da sauri, bakin ya wuce tukunya. In kuwa wuta ta fi ta sauri, sai bakin itacen ya yi ta dawowa wajen ƙofar murhu, ko da yake ana iza shi.

Haka kogin ƙanƙara yake. Nauyin dusar da ke kai shi ne hannun da ke izawa. Zafin kwari shi ne wutar da ke cin harshe. In ƙanƙara ta gangaro metir 30 a shekara, zafi kuwa ya cinye metir 50 a bakin harshe, to bakin harshen ya koma baya da metir 20. Ƙanƙarar ba ta hau tsauni ba. Ƙarshenta ne ya narke.

6. Abin da aka gani a Gletsch

A gindin tsaunin akwai wani fili shimfiɗaɗɗe mai ƴan gidaje da masaukin baƙi. Sunan wurin Gletsch. Wajen shekara ta 1856 harshen ƙanƙarar Ron ya sauko har cikin filin nan, ya baje kamar tafin ƙafar raƙumi, ya tsaya kusa da masaukin. Matafiya sun zana shi, masu ɗaukar hoto na farko sun ɗauke shi. Hotunan suna nan.

Kogin ƙanƙara yakan turo duwatsu da tsakuwa a gabansa da gefensa. In ya ja da baya sai ya bar su a tare, kamar yadda tabki yake barin zoben laka da ƙirare a inda ruwansa ya tsaya da kaka. Tarin duwatsun 1856 yana nan a Gletsch. Kowa yana iya zuwa ya tsaya a kansa, ya ce: nan ƙanƙara ta kawo.

Daga wannan lokaci harshen ya soma janyewa. Ya bar filin. Ya bar gangaren da ke bayan filin. Ya koma baya fiye da kilometir 1. Wanda ya tsaya a Gletsch yau ya ɗaga kai, dutse tsirara zai gani, sumul, ruwa yana zubowa ta kansa. Sai ya hau mota ya bi hanya mai kwana-kwana zuwa bisa kafin ya ga ƙanƙara. Can ma, bayan shekara ta 2005, wani sabon tabki ya fito a inda harshen yake a da. Gutsattsarin ƙanƙara suna yawo bisa ruwansa.

Akwai wani iyali a wurin da suka gaji wata sana'a. Daga wajen 1870 aka riƙa haƙa rami mai tsawon kusan metir 100 cikin ƙanƙarar, baƙi su biya kuɗi su shiga su ga shuɗin bangonta. Da narkewa ta yi yawa, wajen shekara ta 2010, sai suka soma lulluɓe wurin da manyan fararen barguna. Kun tuna da buhun mai sayar da ƙanƙara? Bargunan sun rage narkewa da fiye da rabi a ɗan wurin da suka rufe. Amma ba wanda zai iya saya wa kilometir 8 bargo.

7. Rumbu da sanda

Ja da bayan harshe shi ne abin da ido ya fi gani. Amma kogin ƙanƙara yana ramewa kuma, watau kaurinsa yana raguwa. Don a san wannan, sai a ɗauke shi kamar rumbu. Da kaka a zuba hatsi, sauran watanni a yi ta ɗiba. In abin da aka ɗiba ya fi abin da aka zuba, an taɓa tsohon ajiya. In aka yi haka shekara da shekaru, wata rana za a ga gindin rumbu.

Ma'aikatan awo suna hawa aƙalla sau 2 a shekara. Hawan farko a watan Afirilu ko Mayu ne, ƙarshen sanyi. Su soka dogon ƙarfe cikin dusa har ya taɓa ƙanƙara mai tauri, su san zurfinta. Su haƙa rami, su ɗebi dusa su auna nauyinta, su san ruwa nawa ke cikinta. Wannan shi ne abin da ya shiga rumbu.

Hawa na biyu a watan Satumba ne, ƙarshen zafi. Tun bara sun huda ƙanƙara, sun kafa dogayen sanduna a cikinta, kansu kaɗai ya leƙo. Yanzu sai su tarar sandunan sun fito fili, wata ta fi mutum tsawo sau 2 ko sau 3. Sandar ba ta yi girma ba, ƙanƙarar da ke kewaye da ita ce ta narke. Su sa ma'auni su auna. Wannan shi ne abin da ya fita daga rumbu.

A Suwis an soma rubuta tsawon kogunan ƙanƙara kowace shekara tun wajen 1880. Yanzu ana ƙarawa da hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan adam. Ƙungiyar da ke tattara awon sunanta GLAMOS. Da aka gwama tsofaffin hotuna da sababbi, aka gane cewa tsakanin 1931 da 2016 ƙanƙarar tsaunukan Suwis ta ragu da rabi.

8. Shekaru 2 masu tsanani

A shekara ta 2022 abubuwa 3 suka haɗu. Na farko, dusa ba ta zuba da yawa ba lokacin sanyi. Na biyu, a watan Maris iska mai ƙarfi ta kwashi ƙurar Sahara, ta ƙetare teku da ita, ta zube ta bisa tsaunukan Alp. Farar dusa ta koma ja-ja kamar rairayi. Na uku, zafi ya zo da wuri, ya daɗe.

Me ya haɗa ƙura da narkewa? Ku tuna da wanda ya sa farar riga da wanda ya sa baƙa cikin rana. Fari yana mayar da hasken rana, baƙi yana shanye shi. Sabuwar dusa tana mayar da kashi 80 cikin 100 na hasken rana, ko fiye. In ƙura ta ɓata ta, sai ta sha zafi, ta narke da wuri. In ta narke kuma, ƙanƙarar da ke ƙarƙashi ta fito fili. Ita kuwa ta fi dusa duhu, sai ta ƙara shan zafi.

A wannan shekara kaɗai ƙanƙarar Suwis ta ragu da kashi 6 cikin 100. A 2023 ta ƙara raguwa da kashi 4 cikin 100. Watau cikin shekara 2 an rasa kashi 1 cikin 10. Abin da ya narke cikin shekarun nan 2 ya kai wanda ya narke cikin shekara 30, daga 1960 zuwa 1990. A watan Agusta na 2023, sai da aka kai metir 5298 cikin sararin sama kafin a sami digiri 0. Ku gwama da tsawon Mont Blanc. Ke nan a ranar ba tsaunin da ya tsira.

Ƙurar Sahara ta daɗe tana zuwa Turai, ba ita ce tushen abin ba. Tushen shi ne duniya tana ƙara zafi. Mutane suna ƙona kwal da man fetur da gas a masana'antu da motoci da jirage. Hayaƙinsu yana ɗauke da wata iska da ake kira gaz karbonik. Tana taruwa a sama, tana riƙe zafi kamar bargo. A Suwis ƙarin zafin ya ninka na sauran duniya wajen sau 2. Ƙasarmu ba ta cikin masu fitar da hayaƙi da yawa, amma sama ɗaya ce ta rufe mu duka. A Afirka ma, ƙanƙarar da ke bisa dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 tun 1912.

A shekara ta 2019 masu bincike sun yi lissafi. Suka ce in aka rage hayaƙi sosai, wajen kashi 1 cikin 3 na ƙanƙarar Alp zai kai shekara ta 2100. In ba a rage ba, abin da zai saura ba zai kai kashi 1 cikin 10 ba.

9. Wa abin ya shafa?

Ya shafi manomi. Kwarin Valais busasshen wuri ne. A garin Sion ruwan da ke sauka a shekara wajen milimetir 600 ne, bai fi na Yamai da yawa ba. Tun ɗaruruwan shekaru manoman wurin suka gina ƙananan hanyoyin ruwa a jikin tsauni, suna jawo ruwan ƙanƙara zuwa gonakin ciyawa da na inabi. Kogin ƙanƙara yana ajiye ruwa lokacin sanyi, ya sake shi lokacin zafi, daidai sa'ad da shuka take nema.

Ya shafi mai kunna fitila. Fiye da rabin wutar lantarkin Suwis daga ƙarfin ruwa take fitowa. Barajin Grande Dixence, mai tsawon metir 285, da ruwan ƙanƙara yake cika.

A yanzu koguna suna samun ruwa da yawa lokacin zafi, domin tsohon ajiya ne ake ci. Ranar da rumbun ya ƙanƙance, ruwan lokacin zafi zai ragu.

Akwai haɗari kuma. Ranar 3 ga Yuli 2022, cikin tsananin zafi, wani babban ɓangaren ƙanƙara ya ɓalle daga tsaunin Marmolada a Italiya, ya kashe mutum 11.

Ga labarin ƙauyen Blatten, a jihar Valais. A watan Mayu na 2025 masu lura da tsaunuka suka ga dutsen da ke bisa ƙauyen yana tsagewa. Duwatsu suna zubowa bisa wani ƙaramin kogin ƙanƙara mai suna Birch, nauyinsu yana tura shi gaba da sauri. Suka faɗa wa hukuma. Ranar 19 ga wata aka ce kowa ya fita. Mutane wajen 300 suka bar gidajensu, aka kora tumaki da shanu, har aka ɗauke wata saniya da jirgi mai saukar ungulu. Ranar 28 ga wata ƙanƙarar ta ruguzo tare da duwatsu da laka, ta binne kusan dukan ƙauyen. Mutum 1 ya rasu. Sauran sun rasa gidajensu, amma suna da rai, domin an lura, an auna, an kuma ji maganar masu awo.

10. Mu gwada

Kayan aiki: ƙanƙara guda 3 masu girma ɗaya, kwano 3 iri ɗaya, garin gawayi kaɗan, farin ƙyalle mai kauri, agogo, da kofi na awo.

Ku jera kwanonin cikin rana. Ku sa ƙanƙara 1 a kowane kwano. Ta farko ku bar ta haka. Ta biyu ku barbaɗa mata garin gawayi sama-sama, kada ya yi kauri. Ta uku ku lulluɓe ta da farin ƙyalle. Kafin ku fara, kowa ya rubuta wadda yake zato za ta riga narkewa. Bayan kowane minti 5, ku tsiyaye ruwan kowane kwano cikin kofi, ku auna, ku rubuta a allo. Wace ce ta riga ƙarewa? Wace ce ta daɗe? Wane kwano ne ya yi kama da shekara ta 2022?

11. Kalmomi

Daskarewa: ruwa ya zama ƙanƙara.
Dusar ƙanƙara: ƙanƙara mai laushi da ke sauka daga gajimare a wurare masu sanyi.
Kogin ƙanƙara: tarin ƙanƙara mai kauri da ke gangarowa daga tsauni sannu a hankali.
Harshe: sashen ƙasa na kogin ƙanƙara, inda yake narkewa.
Kwari: wuri mai zurfi tsakanin tsaunuka.

12. Tambayoyi

a) Don me dusar ƙanƙara ba ta narkewa duka a ƙwanƙolin tsauni?
b) Me ya sa layukan duwatsu masu fenti suka lanƙwasa?
c) Ku bayyana da bakinku yadda kogin ƙanƙara yake gangarowa amma yana ja da baya.
d) Me sandar awo take nunawa a watan Satumba?
e) Me ya ceci mutanen Blatten?

13. Lissafi

a) A ce ƙanƙara tana tafiyar santimetir 10 kowace rana. Metir nawa za ta yi cikin kwana 365?
b) A ce tana gangarowa metir 35 a shekara, zafi yana cinye metir 60 a bakin harshe. Metir nawa harshen zai koma baya cikin shekara 10?
c) A gindin tsauni zafi digiri 24 ne. Metir nawa za a hau kafin a kai digiri 0?

14. Mu riƙe

Kogin ƙanƙara dusa ce da ta taru ta daskare bisa tsauni, tana gangarowa sannu a hankali. Yana ƙaruwa ta kai, yana narkewa ta harshe. In narkewa ta fi ƙaruwa, sai ya rame, ya ja da baya. Ƙanƙarar Ron ta koma baya fiye da kilometir 1 tun 1856, domin duniya tana ƙara zafi. An san haka ne saboda an yi ta aunawa ana rubutawa, shekara bayan shekara.

15. Aikin aji

Ku zaɓi tabkin da ya fi kusa da makarantarmu. Da kaka, ku kafa turke a bakin ruwa, ku rubuta kwanan wata. Kowace Asabar ku auna taki nawa ne daga turken zuwa ruwa. Ku rubuta cikin littafi guda har ranar da tabkin ya ƙafe. Ku tambayi tsofaffin gari inda ruwan yake kaiwa a zamanin ƙuruciyarsu, ku rubuta amsarsu a shafin ƙarshe. In hutu ya zo, ku ba malam littafin ya ajiye wa ƴan ajin baɗi, su ɗora daga inda kuka tsaya.